Fayil ɗaya na saitin TLS ga shafuka da yawa: me ya kamata a rubuta a ciki?

Ɗan Kalgo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. An damƙa mini wata sabar da ke ɗauke da shafuka uku na mutanen nan Birnin Kebbi: na wata makarantar kuɗi, na wata ƙungiyar manoman shinkafa, da na wani kantin magani. Ubuntu 18.04 ce da nginx, manhajar da ke miƙa shafuka ga masu shiga. Wanda yake kula da ita ya samu aiki a Abuja ya tafi. Da na buɗe fayilolin sai na tarar kowane shafi da nasa layukan ssl, wato saitin TLS, tsarin da ke ɓoye bayanai tsakanin shafi da mai shigarsa. Na makaranta an buɗe masa TLSv1 da TLSv1.1 da TLSv1.2, na manoma TLSv1.2 da TLSv1.3, na kanti kuma abin da Certbot, manhajar da ke karɓo wa shafi satifiket na https daga Let's Encrypt, ya sa masa ne kawai. Jerin ssl_ciphers, wato hanyoyin ɓoye bayanai da sabar za ta yarda da su, kowanne daban, kuma babu ko kalma ɗaya da ta ce ga dalilin da ya sa. Ina so in haɗe su a fayil ɗaya da kowane shafi zai riƙa jawowa, amma ina tsoron in cire abin da aka sa da gangan. Yaya kuke tsara naku, kuma me kuke rubutawa domin wanda zai zo bayanku?

Ɗan Jega:
Wa alaikumus salam. Yaya, kada ka wahalar da kanka. Goge duka, ka bar layin include na Certbot a kowane shafi. Fayil ɗin options-ssl-nginx.conf ai shi ne fayil ɗayan da kake nema, kuma su ke sabunta shi. Rubuce-rubucen nan babu kwastoman da zai biya ka kuɗinsu.

Injiniya 'Yar Argungu:
Ɗan Jega, kada ya goge komai tukuna. Mutum ba ya buɗe TLS 1.0 a shafi ɗaya ya rufe a ɗayan haka kawai. Ko dai ya kwafo daga intanet bai duba ba, ko kuma akwai wata na'ura da ta tilasta masa. Ɗan Kalgo bai san wanne ba ne, mu ma ba mu sani ba. Amma sabar za ta iya gaya masa.

Ɗan Kalgo, ka je wurin log_format, inda ake tsara abin da sabar ke rubutawa a kan kowane mai shiga, ka ƙara $ssl_protocol da $ssl_cipher, ka tabbata access_log na shafukan uku yana amfani da wannan tsari, ka yi nginx -t, ka yi reload. Ka bar shi mako ɗaya ko biyu, kuma ka tabbata an yi ranakun aiki a makarantar cikin lokacin. Daga nan ka tace layukan da suka zo da TLSv1 ko TLSv1.1 ka ga daga ina suke. Sannan mu yi maganar abin da za a cire.

Malamin Aliero:
Madalla da wannan shawara, Injiniya. Ni abin da nike son in ƙara, a kan tarihin abin ne, don yaran da ke cikin zauren ga su san ba son rai ya sa ake rufe tsofaffin ba. TLS 1.0 tun 1999 anka fitar da shi, 1.1 a 2006, 1.2 a 2008, 1.3 kuma a watan Agusta 2018. Kafin su akwai SSL 3.0 na 1996, wanda harin POODLE ya tona asirinsa a 2014, anka haramta shi a 2015. A 2015 ɗin nan kuma anka hana amfani da RC4, wata tsohuwar hanyar ɓoye bayanai. Manyan burauza, Chrome da Firefox, sunka daina karɓar 1.0 da 1.1 a 2020, sannan a watan Maris 2021 IETF, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin intanet, ta fitar da takardar RFC 8996 ta ce a daina su baki ɗaya. Ka ga ke nan saitin da ya yi daidai a 2013 ya zama haɗari a 2015, wanda ya yi daidai a 2017 ya zama abin gyara a 2021. Shi ya sa fayil ɗin da babu kwanan wata a kansa ba ka iya sanin ko na wane zamani ne.

Ɗalibi daga Yauri:
Allah gafarta Malam, to idan burauza sun daina karɓa, mene ne laifin barin sa a buɗe? Ai babu mai shiga da shi.

Malamin Aliero:
Burauza sabbi sunka daina, ɗana. Tsohuwar manhaja da tsohuwar kwamfuta suna nan suna shiga, kuma bayanan da suke ɗauka, sunayen ɗalibai ne da lambobin iyayensu. Ga kuma dokar kare bayanai ta Najeriya da anka sa wa hannu a watan Yuni 2023, ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan jama'a ɗaukar matakan tsaro. Ranar da anka tambaye ka wane mataki ka ɗauka, takarda za ka nuna.

Ɗan Jega:
Na ji, Malam. Amma har yanzu ban ga abin da ya hana fayil ɗin Certbot ya wadatar ba. Shi ma ai daga shawarar Mozilla aka ɗauko shi.

Injiniya 'Yar Argungu:
Fayil ɗin Certbot ba shi da laifi, ni ma akwai inda na bar shi. Amma ka buɗe shi ka karanta sharhin da ke samansa. Ya ce idan ka gyara shi da hannu, Certbot ba zai ƙara sabunta maka shi da kansa ba. To ranar da kake buƙatar canza layi ɗaya fa? Ko ka taɓa shi ka rasa sabuntawa, ko ka rubuta naka. Kuma shi bai san shafin manoma ba, bai san wace waya ke hannunsu ba, bai san akwai tsohuwar kwamfuta a wani ofis ba. Waɗannan kai ne za ka rubuta su. Ko ka zaɓi barin na Certbot, sai ka rubuta cewa da gangan ka bar shi, kada na bayanka ya zo ya liƙa wani a kai.

Ga yadda nake yin nawa. Ina ajiye shi a /etc/nginx/snippets/, kowane shafi ya jawo shi da include:

```
# Tushe: saitin Intermediate na Mozilla
# Shafukan da ke jawo wannan fayil: a lissafa su nan
# Nau'in Ubuntu, nginx da OpenSSL da aka gwada a kai: a cika
# Wanda ya duba na ƙarshe da ranar da ya duba: a cika

# An cire 1.0 da 1.1, RFC 8996.
# Kada a mayar sai an rubuta sunan na'urar da ta tilasta.
ssl_protocols TLSv1.2 TLSv1.3;

# Wannan layi TLS 1.2 kaɗai ya shafa, bai taɓa 1.3 ba.
ssl_ciphers ECDHE-ECDSA-AES128-GCM-SHA256:ECDHE-RSA-AES128-GCM-SHA256:ECDHE-ECDSA-AES256-GCM-SHA384:ECDHE-RSA-AES256-GCM-SHA384:ECDHE-ECDSA-CHACHA20-POLY1305:ECDHE-RSA-CHACHA20-POLY1305;

# A bar wayar mai shiga ta zaɓi wanda ya fi mata sauƙi.
ssl_prefer_server_ciphers off;

ssl_session_cache shared:SSL:10m;
ssl_session_timeout 1d;
```

Ka lura babu ssl_certificate a ciki. Satifiket na kowane shafi ne, ya zauna a fayil ɗin shafin. Abin da suka yi tarayya a kai kaɗai ke shiga nan. Kuma idan ka jawo wannan, ka cire layin include na Certbot daga shafin, in ba haka ba nginx -t zai yi ƙorafin an maimaita umarni.

Ɗalibi daga Yauri:
Anti, me ya sa off? Na zaci sabar ce ya kamata ta zaɓa, tunda ita ta san mai ƙarfi.

Injiniya 'Yar Argungu:
Da can haka ne, ƙanena, lokacin da jerin yake cakuɗe da masu kyau da marasa kyau, dole sabar ta tilasta a fara da mai kyau. Yanzu duk shidan nan masu ƙarfi ne, duk wanda aka ɗauka babu asara. Bambancin yana wajen waya. Waya mai tsada tana da sashe a cikin injinta da ke lissafin AES da sauri. Ƙananan wayoyi da yawa ba su da shi, ChaCha20 ya fi musu sauƙi, ya fi barin batir. Manomin da ke Suru ko Bunza da ƙaramar wayarsa, wanda sai ya kai ta shagon caji ya biya, shi muke tausaya wa da wannan kalma ɗaya. Ka ga idan ban rubuta dalilin a saman layin ba, wani zai zo ya mayar da shi on yana ganin ya ƙara tsaro.

Ɗan Jega:
To ai maganar manoman ce ma ta sa nake ganin rufe 1.0 zai kore su. Wayoyin ƙauye tsofaffi ne.

Injiniya 'Yar Argungu:
Saitin Intermediate yana aiki har da Android 4.4.2, ka ga ya sauka ƙasa sosai. Saitin Modern na Mozilla ne, mai TLS 1.3 kaɗai, ba zan sa wa shafin manoma ba. Abin da ya fi kore tsofaffin wayoyi shi ne satifiket na tushe, wanda waya ke dogara da shi ta yarda da satifiket ɗin shafi. Wayar da Android ɗinta bai kai 7.1.1 ba, ba ta san ISRG Root X1 na Let's Encrypt ba, kuma dabarar da aka yi ta jingina shi da tsohon tushe ta ƙare a watan Satumba 2024. Mai irin wannan waya zai ga gargaɗi ko ka buɗe masa TLS 1.0 ko ba ka buɗe ba. Abin da ke fitar da shi shi ne ya sa Firefox, domin Firefox yana tafe da nasa jerin tushe. Wannan ma abin rubutawa ne, saboda sakataren ƙungiya zai kira ka ya ce shafi ya lalace, kai kuma ka je kana tona ssl_ciphers a banza.

Na Gusau:
Salam. Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba, amma maganar Ɗan Jega ta cewa babu mai biyan kuɗin rubutu ta sa dole in yi magana.

Kun tuna Satumba 2021 da aka rufe layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro. Ina Gusau, ba kira, ba saƙo, ba intanet. Akwai shafin wani ɗan kasuwa da nake kula da shi, sabar tana waje tana aikinta. A ranar 30 ga watan tsohon tushen nan DST Root CA X3 ya ƙare, wata tsohuwar manhaja da ke magana da shafin ta tsaya cak. Mai shafin yana Kano a lokacin, ya nemo wani yaro mai ƙoƙari ya ba shi lambar shiga. Yaron bai tarar da bayanin komai ba. Ya zaci saitin ne ya tsufa, ya samo wani cikakke a intanet ya liƙa, a ciki har da layin HSTS na shekara biyu, mai umartar burauza kada ta buɗe shafin sai ta https, da includeSubDomains mai haɗawa da ƙananan adireshi. Akwai wani ƙaramin adireshi a ƙarƙashin sunan shafin da ma'aikatan shago ke shiga, shi kuma http ne zalla, ba shi da satifiket. Duk burauzar da ta buɗe babban shafin sai ta ƙi buɗe ƙaramin, kuma babu maɓallin a ci gaba haka nan. Da layin waya ya dawo na cire layin HSTS ɗin, amma kwamfutocin da suka riga suka karɓa sun riƙe. Sai da na nemo wa ƙaramin adireshin satifiket sannan aiki ya tashi.

Yaron ba shi da laifi a wurina. Da ya tarar da shafi ɗaya na rubutu da ya ce ga adireshin da ke ƙarƙashinmu, wannan ba shi da https tukuna, kada a sa includeSubDomains, da bai sa ba. A yankinmu mai kula da sabar yana iya ɓacewa daga layi na makonni ba da son ransa ba. Ni tun daga lokacin ina sa kuɗin rubutun a cikin kuɗin aiki, kuma ina gaya wa mai shafi dalili.

Ɗan Jega:
Allah ya kyauta, ya kawo mana zaman lafiya. Wannan kam hujja ce, Na Gusau.

Malamin Aliero:
Amin. Abin ya yi kama da mai magani da ya bar wa ɗansa ƙullin sassaƙe goma, bai gaya mashi wanne ne na zazzaɓi wanne ne na ciki ba. Kayan suna nan, amfaninsu ya tafi da mai su.

A kan HSTS ɗin, shawarata a raba shi da babban fayil, a yi mashi nashi. Saitin ssl_protocols in ka yi kuskure, ka gyara ka yi reload, magana ta ƙare. HSTS kuwa a cikin burauzar mutane yake zama har wa'adin ya cika, 63072000 ɗin nan da ake sawa a max-age daƙiƙoƙin shekara biyu ne. A fara da max-age=300, minti biyar, a ga komai lafiya, a ƙara zuwa mako, sannan a kai inda ake so. Kalmar preload kuma kada kowa ya sa ta sai mai shafin ya fahimci abin da take nufi, don shiga jerin da ke cikin burauza ya fi fita sauƙi nesa ba kusa ba.

Injiniya 'Yar Argungu:
Haka ne Malam. Kuma akwai tarkon add_header da ya kamata a rubuta a saman wannan fayil da manyan baƙaƙe. A nginx, idan ka sa add_header a matakin server, sannan wani location a ciki ya zo da nasa add_header ko guda ɗaya, to na sama duk sun zube a wannan location ɗin, ba ya gadonsu. Sai ka ga HSTS yana fita a shafin farko, ba ya fita a wajen shiga da lambar sirri. Maganinsa a sake jawo fayil ɗin a cikin location ɗin, a kuma duba da curl -I.

Mai Shagon Kwamfuta, Zuru:
Ni tambayata a ina ake ajiye bayanin? A cikin fayil ɗin ko a wata takarda daban? Na taɓa gadon wani aiki da aka ba ni takardar Word mai kyau, amma abin da ke cikinta da abin da ke sabar ko kusa ba su yi kama ba.

Na Gusau:
Dalilin kowane layi ya zauna a saman layin, domin mai gyarawa nan idonsa yake. Takarda daban kuma gajeruwa ce, ta abin da ba shi da layi: jerin shafuka da ƙananan adireshi, wa ke da asusun da aka sayi sunan, yadda ake sabunta satifiket, yadda ake gwaji, da wanda za a kira in ba a same ni ba. Duka biyun ina sa su a git, ma'ajiyar da ke riƙe tarihin kowane gyara, wuri ɗaya. Kwafin gajeruwar kuma ina bugawa a takarda in ba mai shafin ya ajiye a durowa. Abin da ba ya shiga git ko takarda har abada shi ne privkey.pem, mabuɗin sirri na satifiket.

Mai Shagon Kwamfuta, Zuru:
Mu masu Apache a maimakon nginx fa?

Na Gusau:
Duk ɗaya ne, Alhaji. SSLProtocol da SSLCipherSuite da SSLHonorCipherOrder a fayil ɗaya, kowane VirtualHost ya jawo da Include. Masu Caddy su ma suna da import, kuma shi daga 1.2 yake farawa ko ba ka ce komai ba. Wanda shafinsa ke bayan Cloudflare shi ya fi kowa buƙatar rubutu, domin saitinsa danne-danne ne a allo, babu fayil ɗin da wani zai buɗe ya gani.

Ɗan Kalgo:
Na dawo da sakamako. Masu shiga da TLSv1 kashi biyu ne. Akwai na'urorin da ke yawo suna lalube shafuka daga ƙasashen waje, sai kuma adireshi ɗaya na nan gida da ke shiga shafin makaranta da safe. Na je na gani da idona. Wata tsohuwar kwamfuta ce a ofishin jarrabawa, an lulluɓe ta da zane saboda ƙura, da wata manhaja da ke tura makin ɗalibai. Ashe don ita aka buɗe.

Amma ga abin da ya ɗaure mini kai. Na gwada shafin manoma da openssl s_client -tls1, ya karɓa, alhali fayil ɗinsa 1.2 da 1.3 kawai ya ce.

Injiniya 'Yar Argungu:
Duba da nginx -T ka ga wanne ne default_server, wato shafin da nginx ke ɗauka in ba a tantance wani ba, a ƙofa ta 443 ta https. Ina kyautata zaton na makaranta ne, ko shi ne na farko a jeri. Shafukan da suka haɗa adireshin IP ɗaya da ƙofa ɗaya, ana iya ɗaukar ssl_protocols daga na farkon a yi wa kowa aiki da shi, bayanin nginx da kansa ya faɗi haka. Wato duk tsawon lokacin nan shafin kantin magani ma a buɗe yake. Shi ya sa nake cewa a rubuta umarnin gwaji da sakamakon da ake sa ran gani a cikin takardar. Sai an gwada akan san na ƙwarai. testssl.sh ko SSL Labs za su nuna maka abin da sabar ke yi a zahiri, kuma SSL Labs tun 2020 ba ya ba mai 1.0 ko 1.1 sama da B.

Sannan 18.04 ɗin nan tallafinta na yau da kullum ya ƙare tun Mayu 2023, dole ka ƙaura. Daga 20.04 zuwa sama tsarin da kansa ya rufe duk abin da bai kai 1.2 ba. Ranar da ka ƙaura, kwamfutar ofishin jarrabawa za ta tsaya ko da layin TLSv1 yana nan a fayil. Gara ka gaya wa shugaban makarantar yanzu, a sabunta manhajar ko a canza kwamfutar lokacin hutu, kafin a zo tura makin ƙarshen zango.

Ɗan Kalgo:
Na makaranta ne default_server, kamar yadda kika ce. Zan je wurin shugaban da takarda a rubuce. Kafin a canza kwamfutar zan sa sharhi a saman layin: an bar 1.0 saboda kwamfutar ofishin jarrabawa, ya shafi shafuka ukun, a cire a hutun zango. Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri.

Ɗalibi daga Yauri:
Anti, a misalan da nake gani akwai ssl_stapling on, ke ba ki sa ba. Mantuwa ce?

Injiniya 'Yar Argungu:
Da gangan ne. Let's Encrypt sun daina OCSP, hanyar duba ko an soke satifiket wadda ssl_stapling ya dogara da ita, a 2025, satifiket ɗinsu ba ya zuwa da adireshinsa yanzu, don haka nginx zai yi gargaɗi kawai ya yi watsi da layin. Wanda ke sayen satifiket daga kamfanin da har yanzu yake yin OCSP yana iya barinsa. Ka yi gaskiya da ka tambaya, ya kamata in sa sharhi cewa an cire shi da dalilin cirewar, zan ƙara.

Malamin Aliero:
Tunda an kawo 2025, ku ƙara wannan a takardunku. A shekarar nan Let's Encrypt sunka daina aiko da imel na tunatarwa cewa satifiket ya kusa ƙarewa, shi kuma kwana 90 ne. Wanda ya dogara da imel ɗin ya nemi wata hanya. Kuma masu burauza da kamfanonin satifiket sun amince a rage tsawon wa'adi: kwana 200 daga Maris 2026, 100 daga Maris 2027, 47 daga Maris 2029. Mai sayen na shekara yana sawa da hannu, lokacinsa ya kusa wucewa.

Ɗan Jega:
To a takardar sai a sa certbot renew --dry-run cikin jerin gwaji, da systemctl list-timers don a ga agogon sabuntawar yana tafiya. Injiniya, in kin ƙara sharhin stapling ɗin ki turo fayil ɗin nan zaure, ina da shafuka biyu a Jega da zan fara da su.

Injiniya 'Yar Argungu:
Zan turo bayan la'asar in an kawo wuta. Ka tuna ka cike layukan saman da naka nau'in OpenSSL, openssl version zai nuna maka.